Rufin Hajiya Ni'imat

Ni kafintan gini ne, ba kafintan kujeru ba, kuma gara in faɗa tun da wuri, don har yau akwai masu aiko mini da karyayyar ƙafar gado wai in ɗora. Aikina shi ne in shimfiɗa katako a sama, in tokare shi da itatuwa ta ƙasa, a ɗaura rodi, a zuba kankare. In kankaren ya yi ƙarfi sai in zo in kwance kayana in yi gaba, ginin ya tsaya da ƙafarsa. Ka shiga kowace unguwa a Damanhur, garinmu a ƙasar Masar, ka ce Usta Garib, wato maigidan aiki Garib, za a ɗaga yatsa sama a nuna maka aikina. Babu wanda zai nuna maka ƙasa.

A layinmu akwai wani fili a jikin gidan Alhaji Bayyumi mai sayar da wake da shinkafa. Duk shekara in azumi ya kama, a filin nan yake jera tebura da benci, duk wanda magariba ta riska a hanya ya zauna ya sha ruwa: direba, ɗan dako, matafiyi, wanda matarsa ta yi yaji, ba a tambayar kowa sunansa. Tun ina da gashi a ka ake wannan tebur. Rumfar tampol ce a kai, kuma tana isa a shekarun da azumi ke zuwa da zafi. Amma azumi ya yi ta matsowa har ya shigo cikin sanyi da ruwan sama. Bara ruwa ya taru a tampol ɗin ya ɓarke daidai kan tukunyar miyar lalo, Alhaji ya rantse ba zai sake kafa tampol ba, rufin kankare zai yi. Bai kai ga yi ba. Bayan babbar sallah ya kwanta 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa.

Ko zaman makoki ba a tashi ba masu bakin layinmu suka fara: ai tebur ya bi mai shi. 'Ya'yan duk suna nesa, kowa da hidimar gabansa, matarsa kuwa, Hajiya Ni'imat, tsohuwa ce mai ciwon gwiwa. Ashe maganar ta kai kunnenta. Tana fita takaba ta sa aka tsayar da ginshiƙai a filin, aka ja bango ta gefen da iska ke kaɗowa, sannan ta aika a kira ni.

"Garib," ta ce, "ranar farko ta azumi a ƙarƙashin rufi za a sha ruwa. Ranar farko na ce, ba ta biyu ba."

"In Allah ya yarda, Hajiya."

"Na san da Allah. Kai nake tambaya."

Na ba ta alkawari, don na gane abin da take gudu. In direbobin nan suka zo ranar farko suka tarar babu tebur, kafin sallar isha'i labari ya kai tasha cewa na Bayyumi ya mutu, kuma ba za su sake leƙowa ba. Masu baki kuma su ce da ma sun faɗa.

To amma alkawarin ɗan gini da sama ake haɗa shi. Ruwa ya tsare mu, motar tsakuwa ta maƙale a laka, mai ɗaura rodi ya tafi aurar da ƙanwarsa ya dawo lokacin da ya ga dama. Ba mu zuba kankare ba sai dab da tsakiyar Sha'aban. Ni kuwa a irin wannan sanyi ba na taɓa katako sai mako uku sun cika, haka na koya a wurin maigidana, haka nake yi. Mako uku kuma ya tsallake ranar farko ta azumi. Muddin ba a kwance ba, ƙarƙashin rufin nan daji ne na itatuwan tokara, ko kyanwa sai ta karkace take ratsawa, balle a sa tebur.

A nan Nashwa ta shigo maganar. Nashwa 'yar maƙwabcina ce mai guga, ni na kai ta makaranta a kan keke ranar da aka fara sa ta, tana kuka tana share majina da rigata. Yanzu ta zama injiniya, tana aiki a wani ɗakin gwajin kayan gini, kuma Hajiya ta roƙe ta ta sa ido a kan aikin. A gida tana ce mini Kawu, ina ce mata ke. A wurin aiki kuwa dole in ce Injiniya, kuma duk lokacin da na faɗa sai na ji kamar na haɗiyi ƙaya.

"Kawu, ba kwana ake ƙirgawa ba, ƙarfi ake nema," ta ce mini. "Wani kankaren yana kaiwa kafin mako uku, wani yana wucewa bai kai ba. Akwai na'urar da muke auna shi da ita. In ta nuna ya kai, sai ka kwance da wuri."

"In ta nuna bai kai ba fa?"

"Sai ka gode mata."

Ban yarda da na'urar ba, amma ina bukatarta, kuma babu abin da ke ɓata wa mutum rai irin wannan.

Ranar zuba kankare an yi yadda aka saba. Hajiya ta yanka rago, aka dafa shinkafa da romo a kan gasasshen burodi, injin kwaɓa siminti yana ta ruri, leburori suna hawa suna sauka suna waƙa. Ana cikin haka sai ga Hajiya ta fito da kwano cike da gishiri, tana dogara sanda, za ta watsa a kan rodi saboda bakin mutane da idonsu. A garinmu ko jariri aka haifa sai an watsa gishiri, balle rufi. Nashwa ta hango ta daga sama, ta sauko tsani da gudu har hularta ta faɗi.

"Hajiya! Don Allah, don Annabi, ban da gishiri! Cin rodi yake yi. Shekara kaɗan zai yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren."

Hajiya ta dubi kwanon, ta dubi Nashwa. "Gishirin?"

"Shi fa."

"To. Ke kika yi karatu." Ta juya ta koma ciki ba gardama. Har na ce wa Shahata, abokin aikina tun muna samari, ka ga tsohuwar kirki, an faɗa mata ta ji. Shahata ya ce shi bai taɓa ganin Hajiya Ni'imat ta ji magana da sauri haka ba, kuma abin bai kwanta masa ba. Na ce ya rufe mini baki ya je ya duba tokara.

Muka yi ta ba rufin ruwa safe da yamma, muka lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Katakon gefen gadojin kankaren, waɗanda suka ratsa daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi suka raba rufin gida huɗu, mun cire shi tun da wuri, don shi ba ya ɗaukar nauyi. Na ƙasa ne magana. Hajiya kuwa ba ta zauna ba. Buhunan shinkafa suna shigowa, matan layi suna tsince wake, an wanke manyan tukwane an kife, an ciro fitilun azumi an goge. Kullum na wuce sai ta leƙo ta taga.

"Garib, dajinka fa?"

"Yana nan, Hajiya."

"Na gani ai. Shi ya sa na tambaya."

Ana jibi azumi Nashwa ta zo da safe da wata 'yar jaka. Ni na riga ta zuwa, na hau sama da gudumata na bi rufin ina ƙwanƙwasawa ina saurare, yadda na saba. Ko'ina na buga sai ya amsa mini da ƙara mai daɗi. Na sauko ina murza hannu, na ce wa Shahata ya kira mutanenmu su zo da ƙarafan zare ƙusa, yau za a share wurin tas.

"Bari dai likita ta duba," in ji Shahata.

Na'urar ba ta fi rediyo girma ba. Wayoyi biyu ne suka fito daga jikinta, kowace da dunƙulen ƙarfe a baki kamar murfin kwalba. Nashwa ta shafa wa dunƙulen man giris, ta manna ɗaya a wannan gefen gadar kankare, ta ba Shahata ɗayan ya danna a wancan gefen, suna fuskantar juna. Ta ce ɗaya yana aika sauti, irin wanda kunnen mutum ba ya ji, ɗayan yana karɓa, na'urar kuma tana faɗin tsawon lokacin da sautin ya ɗauka kafin ya ratsa. In kankare ya haɗe ya yi tauri, sauti zai wuce da sauri. In bai nuna ba, ko akwai rami a ciki, sai ya yi ta jan ƙafa. Ta kuma ce ranar zubawa ta ɗebi kankaren nan ta yi 'yan tubalan gwaji, ta auna su da wannan na'urar, ta murƙushe su a wurin aikinsu, don haka ta san saurin da ke nufin rufi zai iya ɗaukar kansa.

Shahata ya leƙo ta bayan gadar, hannunsa duk giris. "Injiniya, wannan ba irin wanda ake ɗora wa mata a ciki ba ne a asibiti?"

"Danginsa ne."

"To don Allah duba mana, namiji ne ko mace? Hajiya ta san ragon da za ta saya."

"Kawu Shahata, ka danna da kyau, hannunka yana rawa."

"Ai dole ya yi rawa, ban taɓa karɓar haihuwa ba."

Leburori suka kwashe da dariya, har mai shayin bakin layi ya baro tukunyarsa ya zo kallo. Ni dai na harɗe hannu na tsaya gefe ina jira a gama wasan yara. Ta bi gadojin, ta hau sama ta auna shimfiɗar rufin ita ma, tana yin alama da alli. Kashi na farko ta ce ya kai. Na biyu ya kai, har da rara. Na uku ma haka. Kowane ta faɗa sai in gyaɗa kai in dubi Shahata, don ya shaida cewa gudumata ta riga ta faɗi haka tun kafin a sha shayin safe. Har na fara jin na'urar ta kwanta mini. Abu mai hankali, yana faɗin abin da na faɗa.

Sai muka zo kashi na huɗu, na kusurwar da ke jikin ƙofar gidan. Nashwa ta duba, ta ɓata fuska. Ta ƙara giris, ta sake. Ta matsa gaba, ta sake. Ta karɓi dunƙulen daga hannun Shahata ta danna da kanta.

"Wannan bai kai ba, Kawu. Da saura sosai."

"Wane irin bai kai ba? Rana ɗaya aka zuba su, siminti ɗaya, yashi ɗaya, hannu ɗaya. Batirinki ne ya yi sanyi."

Ta koma kashi na farko ta auna a gabana, lamba ta fito yadda ta fito ɗazu. Ta dawo kusurwar, lamba ta sake lalacewa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutanena suna tsaye da ƙarafa a hannu, rabin layi yana kallo, Hajiya tana taga, ga yarinyar da na goya a keke tana gaya mini rufina bai nuna ba.

"Na ƙwanƙwasa shi da hannuna ɗazu," na ce. "Ƙara ɗaya ce da sauran."

"Garib," in ji Shahata, "kai da sai an kira ka sau uku kake juyowa? Injin kwaɓa siminti ya cinye kunnen nan tun zamanin da ake haska titi da kananzir."

Na ce masa ya shiga taitayinsa. Nashwa ta matso kusa da ni. Ta roƙi ƙusa babba a wurina, ta je gefen gadar kashi na farko ta karta da ƙarfi, ƙusar ta zame ta bar farin layi kawai. Ta zo kusurwar ta karta, sai ga gari yana zuba, har wata 'yar tsakuwa ta ɓalle ta faɗo a kan takalmina. Ta miƙo mini ƙusar. Na karta da kaina. Na sake kartawa.

Na ɗaga kai na dubi kusurwar nan, na ga a raina benci cike da mutane a ƙarƙashinta, kowa da dabino a hannu yana jiran kiran salla. Kunnena ya ji abin da nake so ya ji, shi ke nan. Na ce wa mutanena su ajiye ƙarafan.

"To me ya same shi?" na tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

Nashwa ta fara bin diddigi. Ko an ƙara ruwa a kwaɓin ƙarshe? Ko an buɗe wani tsohon buhun siminti? Ko an bar wurin ya bushe ba a ba shi ruwa ba? Duk muka ce a'a. Shahata ya tuna cewa kusurwar nan ita aka zuba a ƙarshe, kuma a lokacin famfon layi ya ɗauke, sai aka koma ɗiban ruwa daga durom ɗin da ke bakin ƙofar Hajiya.

"Me ke cikin durom ɗin?"

"Ruwa mana, Injiniya. Me ake sa wa a durom?"

Daidai nan Hajiya ta fito da tiren shayi, wata maƙwabciya tana riƙe mata da gefe. Ta ji ƙarshen maganar. Ta ajiye tiren a kan bulo, ta gyara mayafi, fuskarta har wani haske take yi.

"Ruwa ne da albarka," ta ce. "Ni na sa."



"Hajiya," in ji Nashwa a hankali, "ba na ce ban da gishiri ba?"

"Kin faɗa, na kuma ji. Ko ƙwaya ban sa ba. Sukari na sa."

Nashwa ta zauna a kan buhun yashi, ta dafe kai da hannu biyu. Shahata ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Ni kuwa ban san sukari yana da wata magana da siminti ba, sai da Nashwa ta ɗago ta yi bayani: sukari yana sa siminti barci. Kaɗan ne ya jinkirta shi, in ya yi yawa kuwa yana iya hana shi tashi har abada, sai dai a fasa a sake.

"Nawa kika zuba, Hajiya? Ki tuna da kyau."

Ta nuna tafin hannunta. "Cikin wannan, sai na ƙara ɗan kaɗan. Durom ɗin a cike yake."

"To me ya sa, fisabilillahi?" Na kasa riƙe bakina. "Rufi ne ko kek ɗin basbusa?"

Ta dube ni irin kallon da take yi mini tun ina saurayi in na taka mata shanya. Sannan ta nuna kusurwar da sandarta.

"A nan Alhaji yake zama. Nan, jikin ƙofa, don ya ga mai shigowa, ya ga kuma abin da ke fitowa daga kicin. Kun san shi da zaƙi. Likita ya hana shi, ni kuma na bi bayan likita, shekara da shekaru ina ɓoye gwangwanin sukari, yau a cikin tukunya, gobe a bayan buhun wake. Ya yi ta roƙona, Ni'imat, rabin cokali. Ban ba shi ba. To na tambayi Shahata yaushe za a zuba saman wurinsa, ya ce a ƙarshe, ga shi famfo ya ɗauke an koma durom ɗina. Na ce yanzu dai babu likitan da zai hana."

Shahata ya daina dariya. Mai shayi ya sunkuyar da kai.

"Likita bai hana ba," in ji Nashwa, tana share ido da bayan hannu, "ga injiniya ta zo ta hana."

Hajiya ta yi 'yar dariya, amma ba ta daɗe ba. "Nashwa, gaya mini gaskiya. Na kashe teburin da hannuna?"

"A'a, Hajiya. Tsaya ki ji."

Ta ɗauki alli ta zana rufin a ƙasa, gida huɗu. Ta ce kowane kashi yana zaune a kan gadojinsa da ginshiƙansa. Uku sun kai, a kwance su yau. Na huɗu a bar masa katakonsa da tokararsa, har da gadojin da ya jingina da su, kada a taɓa ko ƙusa ɗaya, kada kowa ya hau samansa, kada kuma kowa ya zauna a ƙasansa. Za ta riƙa zuwa tana aunawa. In lamba tana hawa, barci yake yi zai tashi. In ta tsaya cik, sai a fasa kusurwar bayan salla. Ta dube ni ta ce, "Kawu, za ka iya kwance uku ba tare da ka girgiza na huɗu ba?"

Wannan kuwa tambaya ce da ta dace a yi wa Usta Garib. Na ce ta matsa gefe ta ga aiki. Na ƙara tokara a kan iyakar, na ɗaure su da juna, sannan muka fara sassautawa daga tsakiyar kowane kashi muna fita gefe, sannu-sannu, ba bugun hauka. Katako yana ɓallewa, kankare yana bayyana sumul, har zanen itacen ya fito a jikinsa. Kafin la'asar washegari an share wurin, an wanke, an jera tebura, an rataye fitilu. Kusurwar kaɗai ta rage da dajinta, muka kewaye ta da igiya.

Ranar farko ta azumi aka wayi gari da yayyafi. Tun bayan la'asar suka fara zuwa, ɗaya-ɗaya, suna leƙowa kamar masu tambayar hanya. Wani direban bas ya tsaya a bakin layi ya ce, "An ce mai wurin ya rasu." Shahata ya ce, "Ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Shigo ka zauna." Kafin rana ta faɗi benci ya cika, ruwa yana dukan rufina yana gangarewa waje, ko ɗigo bai sauka a kan miyar lalo ba. Masu bakin layinmu ma sun zo, kuma na lura ba su bar komai a kwano ba.

Bayan an yi salla na sami Hajiya a bakin ƙofa tana kallon itatuwan tokarar nan. Na fara ba ta haƙuri cewa alkawarina bai cika duka ba.

"Bar shi," ta ce. "Ka san dokarsa, ba a ta da baƙo daga inda ya zauna. Tun da ya rasu nake tunanin ranar nan, wani zai shigo bai sani ba ya zauna a wurinsa, ni kuma ba ni da bakin hanawa. Ina tsoron abin, Garib. To ga shi itatuwanka sun zauna."

Nashwa ta ci gaba da zuwa da jakarta, da azumi a bakinta, Shahata yana danna mata dunƙule yana tambayar lafiyar mai jego. Lamba ta yi ta hawa, a hankali kamar mai ciwon gwiwa a kan tsani, amma tana hawa. Ni da na ce batiri ne, ni ne na koma tsayawa a bayanta ina miƙa wuya ina tambaya, "Yau nawa, Injiniya?" Kuma kalmar ta daina maƙale mini.

Ana cikin goman tsakiya, wata safiya ta auna kusurwar ta ko'ina, sama da ƙasa, ta sake aunawa. Na karta ƙusa, ta zame. Nashwa ta naɗe wayoyinta, ta dubi Hajiya da ke zaune a kan kujera a bakin ƙofa. Na ga abin da ke ranta. Da ta ce da saura, babu wanda zai ƙaryata ta, ni ma ba zan ce uffan ba, ko da kuwa itatuwan za su kai salla a wurin.

"Ke Nashwa," in ji Hajiya, "kada ki yi mini ƙarya da azumi a bakinki."

"Ya kai, Hajiya."

Tsohuwar ta dubi kusurwar. Sannan ta buga sandarta a ƙasa. "To me kuke jira? Jiya mutum nawa suka sha ruwa a tsaye? Garib, kwashe dajinka."

Muka kwance. Aka share, aka kawo tebur da benci. Da yamma mutanen layi da suka san wurin suka yi ta kauce masa, kowa ya zo sai ya matsa gaba ya takura a wani bencin. Ana dab da kiran salla sai ga wani ƙaton mutum ya shigo a jiƙe, direban motar rake daga kudu, bai san kowa ba, kowa bai san shi ba. Ya duba, ya ga wuri a jikin ƙofa babu kowa, ya yi sallama ya zauna daram, har ya miƙe ƙafa.

Hajiya ta karɓi kwanon daga hannun matar da ke rabawa, ta ajiye sandarta, ta kai masa da kanta. Ya ce, "Allah ya saka, Inna," bai ko ɗago sosai ba, don an kira salla. Ta tsaya daga nesa kaɗan tana kallonsa. Mutumin ya ci shinkafa, ya sha miya, ya suɗe kwanon da burodi, ya waiga yana neman ƙari.

Ta dawo inda nake tsaye, idonta cike da hawaye.

"Yana ci da kyau," ta ce. "Alhaji ba ya son mai tsakurar abinci." Sai ta ɗaure fuska. "Kai kuma ka tsaya kana kallona? Ɗauki burodi ka kai masa."